Kafaɗar Hajiya

Hajiya ce ta samo mini aikin. A lokacin shekarata uku a garin Greensboro na Amurka, ina tsaye a wata ma'aikatar cusa kaya a kwali tun safe har yamma, ƙafafuna suna kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Wata Juma'a bayan an idar da salla ta kama hannuna a ƙofar masallaci, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Ke 'yar nan, aiki yana cin ki. Litinin ki zo ki same ni." Ƙawar mahaifiyata ce tun suna 'yan mata a Maradi, don haka ban tsaya tambayar wane irin aiki ba ne. Litinin na je.

Gidan yinin tsofaffi ne, na wata ƙungiya da ba don riba take aiki ba. Da safe motarmu takan zagaya ta kwaso su, wasu daga cikin gari, wasu daga can McLeansville inda sai ka wuce gonaki kafin ka ga gida na gaba. Da yamma a mai da kowa wurin iyalinsa. Tsakanin nan mu ke yi musu komai: wanka, canjin kaya, abinci, magani a kan lokaci, da hira. Yawancinsu baƙaƙen Amurka ne da suka ƙarar da ƙarfinsu a masaƙu da kamfanonin taba. Mu ma masu aikin duk mata ne baƙaƙe, 'yan ƙasa da mu 'yan zuwa.

Shugabar wurin, wadda ni da Hajiya muke ce wa Madam, doguwar ba'amurkiya ce mai furfura da dariya mai cika ɗaki. Mahaifiyarta ta yi shekara da shekaru tana shara da guga a manyan gidajen masu kuɗi na unguwar Sedgefield, kuma a bakin guga ciwon ajalinta ya same ta. Madam ba ta ɓoye wannan, ranar da aka ɗauke ni ma sai da ta ba ni labarin. Shi ya sa ta kafa wata doka da ban taɓa jin irinta ba: kowace ma'aikaciya tana da rabin awa da rana a wani ɗan ɗaki na baya, mai kujerar da ake kwantar da bayanta da bargo ɗaya. Ba a shiga da waya, ba a shiga da aiki, kuma sai an cire takalmi. Lokacin kowa a rubuce yake a allo, nata ma yana ciki.

Ranar farko da lokacina ya yi, na shiga na ɗosana a bakin kujerar ina jiran a kira ni. A gidanmu mace ba ta kwanciya da rana sai in ba ta da lafiya ko tana jego, ko a nan ma sai ta sha gori. Madam ta leƙo ta tarar na miƙe ina gyara labule. Ta zaunar da ni, ta durƙusa ta kwance mini igiyar takalmi da hannunta. Kunya ta kusa kashe ni. Na kwanta don dai ta fita ta ba ni wuri, sai ga shi an zo ana tashina, har da miyau a bargon mutane.

Daga nan rabin awar nan ta zama abin da nake ɗoki. Aikin kansa ma ya shiga raina, abin da ban yi zato ba. Akwai wahala, ba zan yi ƙarya ba. Wanda bai taɓa canza wa dattijo wandon da ya ɓata ba, yana lallashinsa kada ya yi kuka don kunya, bai san abin da nake faɗa ba. Amma ban taɓa yin aikin da na yi dariya a cikinsa kamar wannan ba. Ranar Juma'a akan kunna musu waƙoƙin zamaninsu, ka ga tsoho a keken guragu yana karkaɗa kafaɗa yana kashe wa mata ido. Mai girkinmu, wata 'yar zangon Kumasi da muke kira Anti, takan dafa mana wake da shinkafa da baƙin yajin ƙasarsu ranar Laraba, mu ci muna hawaye muna ƙarawa. A bayan gidan akwai ɗan lambu na kuɓewa da tumatir, da baranda mai inuwa inda ake fitar da masu son iska.

Cikin tsofaffin akwai wadda kowa ke ce wa Mama. Daga McLeansville ake ɗauko ta. Mace ce mai jiki, shanyewar ɓarin jiki ta kama mata hagu, amma bakinta ras yake. A allo sunanta na ƙarƙashin na Hajiya, kuma ba ta yarda kowa ya cuɗa mata baya sai Hajiya. Turancin Hajiya a daddafe yake tafiya, duk da haka su biyun ba su taɓa rasa abin musu ba. Babban rikicinsu kuɓewa. Mama ta ce kuɓewa sai an tsoma ta a garin masara an soya. Hajiya ta ce duk wanda ya kashe wa kuɓewa yauƙi ya yi almubazzaranci, kuma za a tambaye shi. Shekara guda ina jin wannan shari'a, ba wadda ta sauko.

Abu ɗaya ne Madam ta kasa da Hajiya, shi ne kujerar nan. In lokacinta ya yi takan shiga ta ja ƙofa, ta yi sallar azahar, sannan ta fito da tawul ɗin da ta ɓoyo a ƙarƙashin mayafi ta zauna tana ninkewa. Na taɓa yi mata magana, ta ce, "Ni ban ƙetaro teku don in kwanta da rana ba." Haka kuma duk Litinin da safe, in Madam ta tara mu tana tambayar ko akwai mai ciwo a jiki don a sauƙaƙa mata aikin makon, 'yan ƙasa sukan zayyano gwiwa da baya da wuya ba ko kunya. In an zo kanmu sai mu ce lafiya lau, alhamdulillahi. Haka aka koya mana. A wurinmu ko kana jan ƙafa aka tambaye ka gajiya, cewa za ka yi babu. Madam kuwa abin da ka faɗa shi take rubutawa.

Da sanyi ya fara shigowa a shekarata ta biyu a wurin aikin, na lura Hajiya ta koma zuba shayi da hagu. Hajiya fa, wadda ta taɓa mayar mini da kofi don na miƙa mata da hagu. Na tambaye ta, ta ce sanyi ne. Bayan kwana biyu ta jawo ni ɗakin ajiyar kaya ta tura ƙofa da ƙafa.

"Kafaɗar nan ta ƙi," in ji ta. "Wata biyu ke nan hannun ba ya wuce nan." Ta nuna ƙirjinta.

"Hajiya, mu gaya wa Madam mana. Za ta ba ki hutu ki ga likita."

"Ke yarinya ce. A otel ɗin da na yi aiki kafin nan, wata 'yar Dosso ta ce bayanta na ciwo. Aka kira ta buro, ofishin manya, aka ce ta tafi konje, wai hutu. Har yau ba a neme ta ba. Ni da shekaruna wa zai ɗauke ni? Maigidana Alhaji ya rasu, ɗana yana can Texas da nasa nauyin. Inshorar lafiyata ma a nan take. In aikin nan ya tafi, a ɗakin wa zan zauna ina jiran a ba ni?"

"Madam ba haka take ba."

"Patron patron ne, ubangida ne ko yana dariya." Ta kama hannuna da hagunta. "Ki rufa mini asiri. Zuwa bazara za ta warware."

Na san kuskure ne tun a lokacin, ba zan ce ban sani ba. Amma ƙawar uwata ce, ita ta ɗauko ni daga bakin kwali, ga ta tsaye a gabana idonta ya ciko. A tarbiyyar da aka yi mini, in babba ya ce ki rufa masa asiri ba shawararki yake nema ba. Na ce to.

Abin da ya fi ƙarfinta shi ne ɗaga Mama daga keke zuwa kujerar wanka, da mayar da ita. Sai muka ja wankan Mama ya faɗo daidai rabin awata. Ɗakin hutun ƙofa biyu gare shi. In shiga ta gaba kowa na gani, in cire takalmi, in yamutsa bargo, in sulale ta baya zuwa banɗaki. In ɗaga Mama, Hajiya ta wanke ta da hannu ɗaya ina tara mata, in sake ɗagawa, mu shirya ta, in koma da gudu in fito ta ƙofar gaba ina mutsittsika ido kamar wadda ta tashi daga barci.

Mama ba yarinya ba ce. Rana ta uku ta dube mu ta ce, "Ina ganinku fa. Ni ma shekara biyu na yi ina ɓoye wuyan hannuna a masaƙa, har ya zama ba ya gyaruwa. Ku je ku faɗa." Hajiya ta haɗa Turancinta kaf ta roƙe ta, har da dafa mata gwiwa. Mama ta yi tsaki ta ce ita ba ta kai ƙarar kowa, amma mu biyun wawaye ne.

Wata huɗu muka yi a haka. Bazara ta zo, kafaɗa ba ta warware ba, ƙaruwa ma ta yi. Ni kuma na koma yadda nake a wurin kwali. Ina ɗaga nawa tsofaffin, ina ɗaga na Hajiya, ba hutu. In na koma gida 'ya'yana su yi abin da bai kai ya kawo ba in hau su da faɗa. Anti ta fara tsokanata a kicin: "Ei, ƙanwata, wane irin barci kike yi? Kowa na fitowa ɗakin nan da sanyi, ke kina fitowa da gumi." In yi dariyar yaƙe in wuce. A raina kuwa haushin Hajiya nake ji, haushi sosai, sannan in ji kunyar jin haushin. Duk Litinin Madam ta tambaya, mu biyu mu haɗa baki mu ce lafiya lau.

Ranar da abin ya faru, an tura ni in raka wani dattijo ganin likitan ido. Na lissafa zan dawo kafin wankan Mama, sai layi ya yi tsawo. Na kira Hajiya na ce ta jira ni, ko ta nemi wata ta kama mata. Ta ce to. Amma Mama ta ɓata jikinta, ba za a bar ta haka ba, kuma neman wata yana nufin a tambaye ta dalili. Sai Hajiya ta ɗaga ta ita kaɗai.

Daga baya Mama ta gaya mini yadda aka yi. Suna tsakiyar ɗagawa hannun ya saki. Hajiya ba ta bari Mama ta faɗi ba, ta zame ta shiga ƙarƙashinta, suka sauka ƙasa tare, nauyin Mama duka a kan kafaɗar nan. Mama ce ta miƙa hannunta mai lafiya ta ja igiyar ƙararrawa.

Na dawo na tarar gidan ya yi tsit. Na fara leƙa Mama. Nas ta duba ta, ko ƙwarzane babu, amma tana zaune a naɗe da bargo jikinta na rawa, bakin nan nata ya mutu. Ban taɓa ganin tsoro a fuskarta ba sai ranar. Aka ce Madam na nemana a ofis. Na shiga na ga Hajiya a kujera da ƙanƙara a kafaɗa, fuskarta ta yi fari.

"Hajiya ta ce santsi ne ya ɗebe ta, kuma kafaɗarta lafiya take kafin yau," in ji Madam. "Nas ta ce wannan kumburin ba na yau ba ne. Ke kike tare da ita kullum. Me kika sani?"

Hajiya ba ta dube ni ba. Ta yi magana da Hausa, a hankali, kamar mai jan carbi: "Ki kula da bakinki, 'yar nan."

Na san in na ce santsi ne, za a ba ta mako guda, ta dawo ta ce ta warke, mu koma gidan jiya. Kuma wata rana layin likita zai sake yin tsawo. Mama mai rawar jiki a cikin bargo ita ta tsaya mini a ido. Na buɗe baki na faɗi komai: wata biyun farko, wata huɗun da suka biyo, ƙofar baya, har bargon da nake yamutsawa.

Madam ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Da ta yi magana, ni ta fara yi wa. "Wata huɗu kina yi mini ƙarya da bargo," in ji ta. Ta ce takardar gargaɗi za ta shiga fayil ɗina, don na sa rayuwar Mama a haɗari, kuma gaskiyarta ne. Sannan ta jawo kujera ta zauna gaban Hajiya, gwiwa da gwiwa. Ta ce, "Duk Litinin ina tambayarki. Kina tsammani don me nake tambaya? Aikinki na nan. Ki je a gyara hannun nan, aikinki na nan." Hajiya ta ce ta gode, da irin muryar da ake gode wa wanda ba a yarda da shi ba.

Ni na kai ta asibiti a motata. Har muka je muka dawo ba ta ce mini kanzil ba. Sai da na tsaya a ƙofar gidanta ta ce, "Sannu da ƙoƙari. Uwarki za ta ji irin 'yar da ta haifa."

Ta kuwa ji. Kwana biyu ba a yi ba mahaifiyata ta kira daga Maradi, ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba. Ta ce matar da ta riƙe ni kamar 'yar cikinta, ita zan tsaya gaban bare in tona? Na yi bayani, ta ce bayanin ya isa haka. A masallaci ma labari ya zaga, wasu mata suka rage fara'a da ni. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Na yi kuka a mota ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Wani lokaci in ce da na yi shiru, wani lokaci in ce ko yau aka sake tambayata haka zan faɗa.

Likita ya ce jijiyar kafaɗar ta daɗe da yagewa, faɗuwar ta ƙarasa ta, sai an yi aiki. Aka yi. Na riƙa kai mata abinci duk bayan kwana biyu. In yi sallama ta amsa, in gaishe ta ta amsa a taƙaice, ta mai da ido kan talabijin. In na zo ɗaukar kwano sai in same shi a wurin maƙwabciyarta, an cinye an wanke. Ban daina kaiwa ba, ita ma ba ta daina bai wa maƙwabciyar ba.

A wurin aiki kuma rabin awata ta dawo hannuna. Zan faɗi gaskiya: duk da damuwar da nake ciki, barcin da na yi a kujerar nan a makon farko ban taɓa yin mai daɗinsa ba. Anti ta ce yanzu ta yarda barci nake, don tana jin minsharina daga kicin.

Bayan wata biyu da wani abu Hajiya ta dawo, hannun a saƙale, likita ya hana ta ɗaga abin da ya wuce kofin shayi. Madam ta cika alkawari. Ta cire ta daga wanka da ɗagawa, ta ba ta baranda: ta zauna da waɗanda hankalinsu kan tashi da la'asar, ta ba masu rawar hannu abinci a baki, ta nuna wa sababbin ma'aikata yadda ake taɓa tsoho ba a ci masa mutunci ba. Hajiya ta ɗauki abin cin fuska. Na ji tana gaya wa Anti, da ƙarfi don in ji, "An mai da ni tsohuwa cikin tsofaffi. Sauran a ɗaura mini ƙyallen cin abinci a wuya."

Makon farko a bakin kujera take zama, fuska a murtuke, kamar mai jiran mota. Amma akwai wani dattijo da kullum la'asar sai ya tashi yana neman matarsa da ta rasu, yana bubbuga ƙofa yana kuka, mu duka mun rasa yadda za mu yi da shi. Hajiya ta zo da man kaɗe daga gida, ta zaunar da shi tana murza masa yatsu ɗaya bayan ɗaya da hagunta, tana yi masa hira da Hausar da ba ya ji. Ya yi luf. Washegari shi da kansa ya kawo mata hannu. Kafin wata ya ƙare baranda ta zama fadar Hajiya. Kuɓewa ta nuna a lambu, ita da Mama suka zauna da kwano a tsakaninsu, hannu mai lafiya ɗai-ɗai, wannan ta riƙe wannan ta yanka, suna ci gaba da shari'arsu. Wata rana ina wucewa da tawul na ji Hajiya ta tuntsire da dariya har tana tari. Na tsaya a bayan ƙofa na saurara, don na manta rabon da in ji ta. Tana hango ni ta haɗe rai.

Haka muka yi ta tafiya. Aikinta ya tsira, ni ce ban tsira ba. Na fara saba wa raina cewa shi ke nan, na rasa ta.

Wata Asabar da hantsi ina wanki waya ta yi ƙara. Lambarta ce. Ba sallama mai tsawo, ta ce, "In ba ki da abin yi, ki zo. Ki taho da mataji da almakashi." Ta kashe.

Na same ta ita kaɗai. Ta sa na rufe ƙofa, ta sa na saki labule. Ta jefa matashi a ƙasa gaban kujera ta zauna a kai, ta ba ni baya. Sannan ta sa hagu ta zame ɗankwalinta, ta zame hular da ke ƙarƙashi.

Kitson da ke kanta tun kafin kafaɗar ta ƙi aka yi shi. Wata tara. Ya tashi daga kitso ya dunƙule ya zama tabarma guda, ga furfura ta fito ta sarƙe a ciki, fatar kan ta yi ja inda take sosawa da tsinke. Hannu ɗaya ba ya tsifa, ɗayan kuma har yanzu ba ya kaiwa kai. Gidan kitso ba za ta je ba, don kafin ta dawo labari ya riga ta isowa. Matar da ta shekara tana wanke mutane tas, tana taje musu kai tana shafa musu mai, da wannan take yawo a ƙarƙashin ɗankwali, ni da nake cewa na san asirinta ban sani ba. Hawaye ya ƙwace mini.

"Kuka na kira ki ki yi?" in ji ta, ba ta juyo ba. "Tunda ke ce mai gani ki faɗa, to ga shi ki gani. Wannan in kin kai buro sai na ci mutuncinki."

"Ba zan kai ba, Hajiya."

"Haka kika ce wancan karon."

"Wancan karon akwai Mama a ciki."

Ta sunkuyar da kai. Can ta ce, "Akwai ta."

Na zauna a kujera na sa ta tsakanin gwiwoyina. Na jiƙa kan da ruwan ɗumi da mai, na fara warwarewa daga ƙeya da wutsiyar mataji. Inda ya ƙi sam na sa almakashi, tana jin ƙarar yankan tana cewa in rage mata na shiga kabari. Muka yi azahar muka dawo muka ci gaba. Na wanke mata a wurin wanke-wanken kicin sau uku kafin ruwan ya fita fari. Da na zuba ruwan ƙarshe na sa yatsu ina cuɗa fatar kan, sai ta saki wani dogon numfashi, ta ce, "Wayyo Allah, daɗi." Ban taɓa jin ta faɗi haka a kan komai ba.

Muka koma falo na fara kitso, ƙanana, yadda zai daɗe. Tana ba ni baya ta ce ta yi fushi da ni, kuma har yanzu da saura, kada in ɗauka ya ƙare. Na ce na sani. Ta ce za ta kira uwata gobe, ta gaya mata ta bar ni haka. Jin haka sai na ƙara saurin kitson.

"Ke, a hankali," in ji ta. "Wa ke korarki? Yau ba inda za ni."

Na sassauta. Kafin in kai rabin kai maganarta ta fara yankewa, sannan na ji nauyin kanta ya sauka a kan gwiwata. Ta yi barci, baki a ɗan buɗe, gefe ɗaya a kitse gefe ɗaya a tsefe. Na ajiye mataji. Ƙafata ta mutu tun daga cinya har yatsu, rana ta gangara ta bar labule, ban motsa ba sai da ta farka da kanta.